Tseren Keke Daga Gwandu Zuwa Wurogauri

Talata: Gwandu

Mun tashi Gwandu ran Talata da anka sallame sallar asuba, gari bai gama wayewa ba. Mu biyu ne, ni Labbo da Arzika, kowa riƙe da keke a ƙofar rumfar Mai-Lofe, wato Bafaranshen nan mai sayen fata da ƙirgi, wanda ba a ganin bakinsa ba lofe. Ya fito da agogo a tafin hannu, ya ce ƙarfe biyar da rabi, ya ɗaga hularsa ya saukar. Kafin in ɗora ƙafa bisa feda Arzika ya kai bakin kasuwa.

Abin da ya sa na zauna rubuta wanga labari, maganar ta yi yawa a bakin mutane, kowa da irin tasa. Karatuna na allo ne, shi ma ban yi nisa ba. Wanda ya ga rubutun ya karkace ya yi haƙuri, maganar dai a miƙe take.

Shekara bakwai ina yi wa Mai-Lofe aike a kan keke, ina kai saƙo wurin dillalansa na ƙauyuka, ina dawo masa da labarin inda fata ta taru. Da wanga aiki nake ci da gidana. Gona na bar wa ƙanena tun tuni, ba ni da wata sana'a. To furfura ta fito, gwiwar dama kuma ta fara gardama. Arzika ɗan kokawa ne, na girme shi da shekara ashirin ko fi. Ya koyi keke wata uku, sai ya je ya ce wa Bature abin da nake yi kwana biyu shi a yini zai yi. Mai-Lofe bai ce i ba, bai ce a'a ba. Ya ce a yi tsere irin na ƙasarsu, wanda ya ci, keke da aiki nasa ne.

Mu ba mu taɓa jin tseren keke ba sai a bakinsa, kuma in ya fara labarin har lofen mutuwa yake bai sani ba. Ya ce tun yana saurayi masu buga jarida a ƙasarsu sunka ƙirƙiro abin, don mutane su riƙa sayen takardarsu. Maza su hau keke su kewaye ƙasar kaf, makonni suna tafiya. Da fari inda ƙasa take shimfiɗe anka fi bi, da anka ga ba su mutu ba sai anka ƙara musu duwatsu, irin waɗanda mutum zai yini yana hawa, ƙanƙara kwance a bisansu ko a watannin zafi. Ya ce shi da kansa ya taɓa hawa ɗaya ya tsaya kallo, ya ga gwanaye suna tura kekuna cikin laka suna zagin waɗanda sunka shirya tseren. Yaƙin Jamus ya tsayar da tseren 'yan shekaru, ya ci gwanaye da dama, da anka gama yaƙi kuma anka koma kamar ba a yi ba.

Dokokin can ya kwaso mana. Ya ba kowa takarda mai zobe uku, dillalin Kambaza da na Kalgo da na Wurogauri kowa ya dangwala yatsa a nasa. Ya ce a ƙasarsu ma haka ake sa hannu zango zango, tun da anka kama waɗansu sun shiga jirgin ƙasa da kekunansu. In keke ya lalace kai kaɗai za ka gyara, hannun wani bai taɓawa. A dawo kafin rana ta faɗi ran Alhamis. Wanda zobensa ɗaya ya zo wayam ya fita, wanda ya zo bayan an rufe shi ma ya fita.

Guzurina hoce biyar da Kulu mai ɗakina ta ɗaure mini, da gorar ruwa, da famfo, da kayan faci, da sifana. Takardar na ninke na sa cikin hula.

Kambaza

Ƙarshen damina ne, gero ya nuna, hanya duk yashi da ruwa ya tara a kwari. Wanda ya san hanyar gefe yake bi inda ciyawa ta riƙe ƙasa. Sau uku na sauka kafin Kambaza: sau ɗaya don limamin wani ƙauye da na iske yana tafe gona, sau biyu don tsofaffi da ke zaune bakin hanya. Ban iya wuce babba ina bisa sirdi ba, ko tsere ko ba tsere ba.

Na shiga Kambaza da hantsi. Malam Sambo dillali yana ƙarƙashin durumi da tawadarsa a gaba. Ya ce Arzika ya wuce tun rana ba ta yi zafi ba, bai ko sauke ƙafa biyu ba, daga bisa keke ya miƙo takarda, an kawo masa ruwa kafin a tsugunna ya ɓace.

Ya dube ni ina share zufa ya ce, "Labbo, kai tseren kake yi ko rakiya?"

Na ce ya dangwala mini in tafi. Ya dangwala, ya ce sannu ba ta hana zuwa. Na ce wagga tafiya kam tana hanawa. Na sha fura da nono na anini uku a tsaye, na cika gora, na kama hanya.

Duwatsu

Ban shiga Birnin Kebbi ba. Na yi azahar a wata rijiya, na karkata hagu na ɗauki turbar da ke bi ta duwatsun Duku, ita ce Mai-Lofe ya ce a bi don tseren ya yi kama da nasu. Shi in anka ambaci waɗanga duwatsu dariya yake, ya ce a ƙasarsu suri ne. Ni dai ban ga na ƙasarsu ba, kuma shi bai taɓa hawa namu da rana tsaka ba.

Kekunan nan biyu daga can ya zo da su, irin na tseren ne. Ƙafar baya haƙora biyu gare ta, ƙarami a gefe ɗaya, babba a ɗaya gefen. In ka zo gindin dutse sai ka sauka ka kwance ƙafar da sifana, ka juya ta, ka ɗora sarƙa bisa babban, tafiya ta ragu amma hawa ya yi sauƙi. In ka kai bisa ka sake kwancewa ka mayar. Na yi haka, hannu duk baƙin mai, na fara hawa.

Marmara ce da tsakuwa, ƙafar baya tana zamewa. Ban kai rabi ba gwiwa ta ce ta gama, na sauka na tura. A nan ne na duba ƙasa. Sawun tayar Arzika na nan ya miƙe har bisa, kuma babu sawun ƙafa ko ɗaya a gefensa. Na duba da kyau, don ina so in samu. Babu. Shekara bakwai ina bin hanyar nan ban taɓa hawa wurin ban sauka ba, ko lokacin da gwiwar ke lafiya.

A gangara ƙaya ta soki tayar gaba. Ina cikin faci wani mai jaki ya tsaya ya yi mini sannu, ya kai hannu zai riƙe mini keken don kada ya faɗi. Na ce ya bari, an hana. Ya tambayi wa ya hana, na ce Bature. Ya waiga gabas ya waiga yamma ya ce shi bai ga Bature ba. Na ce ni ma ban gan shi ba, amma na karɓi sharaɗi. Ya kora jakinsa yana cewa tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin wanda anka zo taimakonsa ya yi kamar an zage shi ba. Na jingina keken da itacen kalgo na gama facina.

Kalgo

Ana kiran magariba na shiga Kalgo, na sauka gidan Bawa dillali. Ya dangwala mini zobe na biyu, anka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, irin wadda ba a samu a Gwandu ko da kuɗinka. Ina wanke hannu sai na ga keke jingine a zaure, na ga Arzika zaune a lungu ya haɗa kai da gwiwa. Ni a zatona ya riga ya juyo yana hanyar gida.

Bawa ne ya ba ni labari, Arzika yana ji bai musa ba. Ya iso Kalgo tun azahar, ya wuce Wurogauri, ya shiga garin da la'asar. Ashe Baffa Jabbi, mahaifin Dikko dillali, ya rasu da safiyar nan, mutane sun dawo daga maƙabarta ke nan sun zazzauna bisa tabarmi a ƙofar gida. Arzika ya zaci taron kasuwa ne ko na suna. Ya kaɗa ƙararrawa a ba shi hanya, ya ratsa tsakanin tabarmi, ya tsaya gaban Dikko da takalminsa, ya miƙa takarda ya ce sauri yake. Dikko bai ɗago kai ba. Dattawa biyu sunka tashi sunka kama kan keken sunka juya shi, sunka nuna masa hanyar da ya fito.

Na ajiye lomar da ke hannuna. Baffa Jabbi shekara bakwai ban taɓa shiga garin ba bai sa an kawo mini kindirmo ba. Ya kan ce dokina ya fi na kowa, bai ci bai sha, sai dai mai shi ya rame.

Na ce wa Arzika ya zo mu tafi tare da safe, ya zauna a yi zaman da shi, ya ba da haƙuri. Ya ce yaushe Dikko zai taɓa takarda? Na ce ba kafin addu'ar uku ba, ran Alhamis ke nan da safe. Ba a kai wa mai makoki maganar ciniki bisa tabarma, ko Sarki ne ya aiko sai ya jira.

Ya ce, "Baba Labbo, wanda ya bar Wurogauri ran Alhamis da hantsi, da wace ƙafa zai kai Gwandu kafin rana ta faɗi? Gara in je da yatsa biyu ni ne na fari, da in je da uku an rufe."

Lissafinsa daidai ne, ban ce ba daidai ba ne. Ni ma na yi nawa. In na juya tare da shi da yatsa biyu, bayansa kawai zan gani har Gwandu, sawun da na gani bisa dutse ya gaya mini haka. In na je Wurogauri na makara. Ta ko'ina aikin ya kuɓuce, to gara ya kuɓuce na yi wa Dikko gaisuwa. Kada wani ya ce waliyyi ne ni, abin da na auna ke nan. Sauron Kalgo kuma bai bar ni na sake aunawa ba.

Laraba: Wurogauri

Da asuba munka rabu a ƙofar Bawa, Arzika ya yi arewa, na yi hanyar Wurogauri. Turba ce ta shanu a gefen fadama, shinkafa kore shar hagu da dama, laka tana kama taya. Na isa da hantsi. Tun daga bakin gari na sauka, na jingina keken bayan wani rumbu, na cire takalmi, na tafi da ƙafa.

Na tsugunna gaban Dikko na yi masa ya haƙuri, na yi wa mamaci addu'a, na bi dattawa ɗaya ɗaya, sannan na nemi gefen tabarma na zauna. Waɗansu sunka riƙa kallona suna kallon hulata, don sun san ni da Arzika aikinmu ɗaya. Baƙi suna zuwa daga rugage, a ɗaga hannu a yi fatiha, a shafa, su tashi waɗansu su zo. Na yi azahar da su, na yi la'asar da su. Inuwar bangon ina kallonta tana tafiya, ina cewa a raina yanzu Arzika ya sauka duwatsu, yanzu ya wuce Kambaza.

Da munka je alwala ƙanen Dikko ya ja ni bayan masallaci. Ya ce ya ji abin da ke tafe da ni, tausayina yake ji. Ya ce in ba shi takardar ya dangwala nasa yatsan, Bature ina ya san yatsan Dikko da na wani, in kama hanya yanzu in kwana Kalgo, gobe in isa da sauran rana. Ba zan ɓoye ba, hannuna ya kai ga hula. Na tuna gidana, na tuna ba ni da gona. Amma garin nan ƙarami ne, kafin in kai fadama Dikko ya ji cewa na zauna bisa tabarmar ubansa ina jiran ya juya baya. Kuma ni ne zan dawo in dube shi, in ma aikin ya tsaya. Na ce wa ƙanen Allah ya saka, na koma na zauna. Anka kwantar da ni a zauren liman tare da baƙi.

Alhamis

Da safe anka yi addu'ar uku, anka raba gumba da waina, mutane sunka fara watsewa. Na je na yi wa Dikko sallama, ban ambaci komai ba. Ya tashi ya ce bari ya taka mini. Munka tafi har bayan rumbun da na bar keke, yana ba ni labarin ciwon tsohon, kwana huɗu kawai ya yi a kwance. Da munka kai bakin gari ya tsaya.

Ya ce, "Labbo, fito da abin da ke cikin hularka tun jiya, kada zufa ta cinye shi."

Ya sa hannu aljihu ya fito da ɗan kurtun tawada. Ashe da shi ya taso. Na fito da takardar, ya ɗora ta bisa sirdin keke ya dangwala, ya hura ya bushe, ya miƙo mini. Ya ce in gaya wa Bature fata ta taru, bayan sadakar bakwai zai aiko da jakai. Ya ce in kuma gaya masa, in ya sake aiko masa da wancan mai ƙararrawa, masu saye daga Jega suna zuwa har gida, kuma su suna sallama.

Na hau. Na wuce Kalgo ban tsaya ba sai ɗaga hannu da na yi wa Bawa, don shi ba babba ne gare ni ba. Na juya ƙafar keke a gindin dutse, na tura inda na saba turawa, na mayar a bisa. Na ci sauran hoce a tafe. Na taka iyakar ƙarfina, Allah ya sani, ko da yake na san ba ta yiwuwa. Rana ta faɗi ina tsakanin gonaki, ko hayaƙin Kambaza ban hango ba. Na sauka na yi taimama na yi magariba a bakin hanya, na ƙarasa garin ina tura keke. Malam Sambo ya ga fuskata bai yi mini ba'a ba, ya sa anka kawo tuwo da ruwan zafi.

Juma'a: Gwandu

Na shiga Gwandu da hantsi, agogon Mai-Lofe ya ce tara da kwata. Arzika tun ran Laraba da la'asar ya iso, an ce har makaɗa sunka zagaya kasuwa da shi. Yana zaune bisa ƙirgi a rumfar, mutane sun taru a ga yadda za a karɓe mini keke.

Mai-Lofe ya shimfiɗa takardun biyu bisa tebur, ya dubi wannan ya dubi waccan. Ya ce Arzika ya zo cikin lokaci amma zobensa ɗaya wayam, ya fita. Labbo zobensa ya cika amma ya zo an rufe, ya fita. Ya ce a ƙasarsu haka ake yi, ba a jin uzuri, ko ƙanƙara ce ta rufe mutum. Ya tambaye ni me na zauna yi kwana guda cur a garin da ya fi kowane ƙanƙanta.

Na gaya masa, ban ƙara ba ban rage ba. Na ba shi saƙon Dikko duka biyu, na fata da na Jega, a gaban Arzika, don ban iya faɗin magana a bayan mutum ba. Da ya ji Jega sai ya cire lofe daga baki. Ya ce to a ƙasarsu mai tsere bai tsayawa don an yi mutuwa a gefen hanya. Na ce su can dutse suke zuwa hawa su sauka, mu wurin mutane yake aikenmu, kuma fatar a hannun mutanen take.

Mai-Lofe ya mayar da lofe baki. Sannan ya tura mini takardata ya ce tsere babu wanda ya ci, amma keke ya zauna inda yake. Arzika ya tashi zai fita, kunya ta rufe shi. Na ce ya tsaya. Na gaya wa Bature abin da na gani bisa dutse, sawun taya ba sawun ƙafa, na ce ni ban taɓa yi ba kuma ba zan yi ba, gwiwar nan in ta kai shekara biyu ta yi ƙoƙari.

Na ce, "Keke biyu gare ka. Ba ni Arzika shekara guda in koya masa sauka. Hawa kam ya fi ni."

Mutane sunka yi dariya, Arzika bai yi ba. Mai-Lofe ya ce in Dikko ya yarda shi ma ya yarda.

Na isa gida kafin a tafi masallaci. Kulu ta ga na shigo da keken, ta ɗora ruwa. Na gode Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode Malam Sambo da Bawa da sunka ci da ni, da limamin Wurogauri da ya ba ni wurin kwana, da mai jakin nan da na ƙi hannunsa, in wanga rubutu ya kai gare shi ya yafe mini. Allah ya jiƙan Baffa Jabbi.

Ran sadakar bakwai munka koma Wurogauri mu biyu. Arzika ya riga ni kai bisa dutse, ya zauna ya jira ni. A bakin gari kuwa ban ce masa komai ba, na dai rage tafiya. Ya sauka, ya cire takalmi ya riƙe a hannu, ya bar ni na shiga gaba.